Gindin Lalle a Tsakiyar Kicin ɗin Alhaji

Ko da hankalina zai gushe kamar yadda na tsofaffi ke gushewa, ban jin zan manta da ranar da Injiniya ya ja igiya a bayan ɗakina. Ranar Litinin ce da hantsi, bayan ƙaramar Salla, ana tsakiyar zafin bazara. Ina tsugune ina wanke wake sai na ga ya kafa turaku, ya ɗaura igiya, wani lebura na biye da shi yana barbaɗa farar ƙasa. Farin layin ya taso daga bakin rijiya, ya zagaya bayan ɗakina, ya haɗa da gindin lallena, ya koma inda ya faro. Na tambayi leburan ko menene wannan. Ya ce, "Inna, kicin ne. Duk abin da ke cikin layin nan kicin ne."

Ni ban yi karatu ba, ko sunana ban iya rubutawa. Malama Saude ta makarantar matan unguwarmu a nan Kurfi ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. In kun ga magana ta karkace, daga wajena ne, don hawaye kan katse ni. Na sa ta rubuta ne saboda ku matan da ke aikatau a gidajen mutane, masu tuwo da masu shara da masu raino. Aikinku na yi har gashina ya yi fari.

Sunana Kande. Daga Rawayau muka taso ni da marigayi maigidana, ina amarya, muka zo Dutsin-Ma gidan Alhaji Babba. Alhaji falke ne, yana sayen gyaɗa da auduga. Malam, wato maigidana, ya kama tsaron zaure da kula da rumbuna, ni kuma aka ba ni madafi. A irin waɗannan gidaje aiki hawa-hawa ne. Uwargida, Hajiya Babba, ita ke fid da awo. Mai tuwo ke karɓa daga hannunta, ƙarƙashin mai tuwo akwai masu daka da masu ɗebo ruwa. Mai tuwo ba ta zuwa gaban maigida da magana. Abin da ke bakinta ta gaya wa uwargida, ita ta kai.

Gidan na ƙasa ne, ginin da. Zaurensa na da tsawo, da zanko a kusurwoyi, da zane a goshi. Rufin azara ne, ƙasa kuma daɓe wanda mata suka buga da makuba har yana sheƙi. Mu ma'aikata an ba mu ɗaki can ƙurya, kusa da madafi.

A wannan ɗakin na haihu, shekara ta biyu da zuwanmu. Namiji ne. Ya yi kuka, ya kama nono, amma bai kai suna ba. A wancan zamanin jinjirin da bai kai suna ba ba a kai shi maƙabarta, a cikin gida ake rufe shi, bayan ɗakin uwarsa. Malam ya gina ramin da hannunsa, Alhaji Babba ya tsaya aka yi abin da ake yi. Hajiya Babba ce ta riƙe ni a ɗaki. Da damina ta faɗi Malam ya kawo reshen lalle ya kafa a wurin. Allah bai sake ba ni haihuwa ba.

Ku yaran yanzu za ku yi mamaki, don kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu a gaban kowa. Mu ba haka aka tashe mu ba. Uwata Bafillatana ce. Ɗan fari ba a ambatonsa, ba a nuna an san da shi, ko yana raye. To balle wanda ya koma. Tun ranar da aka rufe shi ban ƙara buɗe baki a kansa ba. Abin da nake yi kawai, kullum da safe in share gindin lallen, in zuba mashi ruwan da na rage a buta. Yaran gidan sun tashi suna ganin haka, suna cewa Inna Kande da lallenta. Matan unguwa na zuwa tsinka in za a yi biki, ban taɓa hana kowa ba.

Shekaru suka tura. Alhaji Babba ya rasu. Malam ya bi shi, Allah ya jiƙansu. Hajiya Babba tsufa ya taɓa mata hankali, ɗiyarta ta ɗauke ta zuwa Katsina. Yara suka watsu garuruwa. Gida ya rage ni kaɗai, ina share ɗakunan da ba mai kwana a cikinsu.

Sai Alhaji Nasiru ya ce zai dawo gida. Shi ne babban ɗan Alhaji, a bayana ya yi wayo, ni na goya shi. Ya yi aikin gwamnati a Abuja har ya kusa ajiyewa. Ya zo da matarsa Hajiya Fa'iza suka zagaya gidan. Ya ce ba zai rushe gidan ubansa ba, gyara zai yi. Zaure zai tsaya yadda yake, da zanensa da tsohuwar ƙofarsa. Soron Alhaji za a haɗe shi da ɗakunan da ke kusa a yi babban falo, a bar azarar a fili a shafa mata mai. Ƙuryar gida kuwa, madafi da rumbuna da ɗakinmu, nan za a share a yi ginin bulo.

Ya ce, "Inna, ɗaki zan yi maki da fanka da banɗaki a ciki. Kin gama shan hayaƙi."

Na ce, "Allah ya yi albarka."

Ban san inda sabon ginin zai tsaya ba sai ranar igiyar nan.

Bari in gaya maku yadda aikin gini ke tafiya, don wadda ba ta taɓa zama cikinsa ba. Mai gida na can nesa, da waya ake samunsa. Injiniya ne idonsa, shi ke riƙe da zanen gidan, yakan zo ya duba ya tafi. Ƙarƙashinsa akwai babban magini, shi ke tare da ma'aikata tun safe har yamma. Sai birkiloli, sai kafinta, da mai jan ruwan famfo, da mai jan wuta, sannan leburori masu kwaɓa da ɗauka. Magana daga ƙasa take hawa, mataki-mataki, kamar dai a cikin gida. Ni aikina in dafa masu na rana, in riƙe makullin ɗakin siminti.

Babban magininmu Malam Iro ne, mutumin Karofi, dattijo mai ƙarancin magana. Da tubali ya fara gini tun yana saurayi, daga baya ya koma bulo. Shi ya sa aka ɗauko shi, don ya san yadda ake taɓa tsohon bango ba tare da ya zube ba. Leburorin kuwa ba su bari in huta da tsiya.

"Inna, yau ma wake? Wallahi cikinmu ya fara tsiro."

"In nama kake so ka je ka auri ɗiyar mahauta."

"Ke nake jira, Inna. Ki ba ni rana."

"Ka fara sayen takalmi tukuna, ɗan nema."

A ranar igiyar ban iya mayar masu da ko ɗaya ba. Waken ma ya kama.

Da Hajiya Fa'iza ta zo duba aiki na bi ta har inuwa na durƙusa. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mani murya ba. Na shirya maganar tun asuba, amma da na buɗe baki harshena ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "Hajiya, lallen nan. Ba a iya barinsa?"

Ta yi dariya ta dafa kafaɗata. "Haba Inna, lalle a tsakiyar kicin? Kada ki damu. Zan sa a tono shi da saiwarsa a sa maki a babbar tukunya, a ajiye a ƙofar sabon ɗakinki."

Na ce, "Ya saba da wurin ne."

Ta ce, "Zai saba da can ma. Ke ma za ki saba."

Ta buɗe wayarta tana nuna mani hoton kicin ɗin da take so. Fari fat, da tebur na dutse a tsakiya, da fitilu suna reto a sama. Na ce ya yi kyau. Ya yi kyau ɗin kuwa.

Na ga mutum ɗaya ya rage a duniya da zai faɗi abin a madadina. Na roƙi izinin yini, na hau mota zuwa Katsina wajen Hajiya Babba. Na same ta a kan tabarma, ta rame, tana wasa da bakin zanenta. Ɗiyarta ta ce ba ta gane kowa yanzu. Amma ina sallama ta ɗago ta dube ni.

"Kande, ke ce? Me ya fito da ke kina jego? Ya kwanan jinjirin? Ya kama nono?"

Ɗiyar ta share hawaye ta ce, "Kin ji ko, Inna? Haka take yi. Jiya ma ta ce a kai wa Baba ruwan wanka. Yau kuma ta yi maki ɗa."

Na riƙe hannun Hajiya na ce, "Ya kama, Hajiya."

Ta ce, "To madalla. Ki riƙa rufe mashi kai."

Na yi kuka a mota tun daga Katsina har Dutsin-Ma. Matar da ke kusa da ni ta yi ta ba ni haƙuri, ta zaci rasuwa aka yi mani a ranar.

Na dawo na tarar an rushe madafi da rumbuna. An haƙa ramin tushe a kan farin layin, an fara ɗaura rodi. Ɗakina ma an kwashe kayansa zuwa shigifa. Lallen na nan tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, ƙura ta rufe ganyensa. Washegari da sassafe, kafin ma'aikata su iso, na ɗauki tsintsiya da buta na tsallaka ramin. Ina cikin shara na ji gyaran murya. Malam Iro ne zaune a kan bulo.

Muka gaisa. Sannan ya ce, yana kallon ƙasa, "Inna, na daɗe ina rushe tsofaffin gidaje. Lallen ne, ko abin da ke ƙarƙashinsa?"

Butar ce ta faɗi daga hannuna.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Naki ne?"

Na gyaɗa kai.

"Shi ke nan. Ba sai kin ce komai ba. Ni zan kai."

Ya hana leburori shiga wurin a ranar. Da Injiniya ya zo ya ja shi gefe. Na ga Injiniya ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon lallen, sannan ya fita waje da waya. Ranar Juma'a sai ga Alhaji Nasiru da kansa. Ya same ni a shigifa, ya zauna a ƙasa da manyan kayansa.

"Inna, kin goya ni, kin yi mani tsarki, kin ba ni tuwo a baki. Ashe ina da yaya a gidan nan, ba ki taɓa gaya mani ba?"

Na ja mayafi na rufe fuskata. Kunya ta kama ni kamar ranar aka yi abin.

Ya kira Injiniya ya tambaye shi ko ana iya matsar da kicin ɗin. Injiniya ya yi bayani a hankali, ni ma na fahimta. Gabas rijiya ce, yamma bangon maƙwabta, kudu an riga an haƙa ramin ƙazanta. An zuba ginshiƙai. Da a gefe wurin yake, da an yanke kusurwa an bar shi a waje. To a tsakiya yake. In za a kauce mashi sai an tone duk abin da aka yi, kuma kicin ɗin ba shi da wani wurin zama. Ya ce, "Da na sani tun ranar da na ja igiya, Alhaji, da na juya zanen."

Ba don ya soke ni ya faɗa ba. Amma maganar ta shige ni, har yau tana nan.

Aka kira limamin unguwa. Ya ce tunda lalura ta kama, a tone a kwashe abin da aka samu, a naɗe a sabon ƙyalle, a kai maƙabarta cikin mutane. Na ji sanyi a raina. Na ce ashe ƙarshensa zai kwanta inda ubansa yake. Alhaji ya aika kasuwa aka yanko farin yadi ɗan ƙarami, aka ba ni in riƙe.

Da safe aka sallami leburori. Daga liman sai Alhaji sai Malam Iro. Ni ina tsaye daga nesa, inda mata ke tsayawa. Malam Iro ya fara cire lallen da saiwarsa ya ajiye gefe. Sannan ya ajiye diga, ya koma tono da ɗan cokalin gininsa, yana kwasa da hannu. Duk ƙasar da ya fitar sai ya zuba a rariyar da suke tace yashi, ya girgiza a hankali. Ya tona har gwiwa. Ya tona har ƙugu. Ya faɗaɗa gabas, ya faɗaɗa yamma. Rana ta take.

Jar ƙasa ce kawai, da tsakuwa, da saiwoyi.

Alhaji ya ce, "Inna, ko ba nan ba ne?"

Na ce, "Nan ne."

Liman ya ce, "Ƙashin jinjiri ba ya daɗewa, Inna. Ƙasa ta riga ta karɓe shi. Ki yi haƙuri, yana inda ya fi nan."

Na san gaskiya ya faɗa. Amma ni a tsaye nake da farin yadi a hannu, ba abin da zan naɗe. Suka yi addu'a suka shafa. Malam Iro ya mayar da ƙasar da ya tace cikin ramin, ita kaɗai, bai bari an haɗa da wata ba. Bayan kwana kaɗan aka zuba kankare. Ni na dafa wa masu zubawar abinci.

Aiki ya ci gaba har damina ta wuce. Zaure ya fito kamar sabo, an bi zanensa da hannu ba a ɓata ko layi ba. Azarar falo ta sha mai tana ƙyalli, an rataya fitila mai kama da inabi a tsakiyarta. An sa kujeru masu laushi da labule har ƙasa. Hajiya Fa'iza ta sa aka wanke tsofaffin tukwanena na ƙasa da turmina, aka jera su a falo kan katako, da 'yar fitila tana haska su. Baƙi kan tsaya su ɗauki hotonsu. Lallen da aka sa a tukunya ya yi sati kaɗan ya bushe.

Da aka zo sa tayil a kicin, Malam Iro ya ce wa mai tayil akwai wurin da shi zai sa da hannunsa. Tayil ɗin fari ne mai ɗan zane kamar jijiya, duk zanen na kallon gabas. Da yamma ya kira ni ya nuna mani da ƙafa. Guda ɗaya, tsakanin teburin dutse da wurin wanke-wanke, zanensa na kallon kudu.

Ya ce, "Na auna tun kafin a zuba kankare. Nan ne daidai. Wanda bai sani ba zai ce kuskure ne. In gaya wa Hajiya?"

Na ce, "A'a, Malam. An tsai da aiki sau ɗaya saboda ni. Ya isa."

Ya ce, "To Allah ya ba da haƙuri." Da aka gama aikin ya tafi Kaduna wani ginin, ban sake ganinsa ba.

Suka tare. Hajiya ta koya mani kunna gas, da murɗa famfon ruwan zafi, da injin da ke zuƙe hayaƙi. Kabad har sama, firji ya fi ni tsawo. A tsaye ake girki, ni da na saba da kujera 'yar tsuguno, amma na jure. Ban damu da ciwon ƙafa ba, don ina da wurina. Kullum da safe shi nake fara gogewa da tsumma mai ruwa. In zan je wanke-wanke in zagaya ta bayan tebur. In wani ya taka sai in kau da kai. Watannin nan na samu barci.

Ranar walimar shiga gida matan Abuja suka cika kicin suna yabawa. Ina jin wata ta ce, "Fa'iza, komai ya yi, amma dubi nan. Mai tayil ɗinki ya juya guda." Hajiya ta duƙa ta duba ta ce, "Kai, wallahi ban lura ba." Na ce a raina hidima za ta mantar da ita.

Bayan nan aka yi mani rasuwa a Rawayau, ƙanen marigayi maigidana. Na je na zauna har aka yi addu'ar bakwai. Da na dawo Hajiya ta tare ni da fara'a, ta kama hannuna zuwa kicin.

"Inna, zo ki gani. Kin tuna tayil ɗin nan da ya karkace? Kullum in na shigo shi idona ke fara gani. Na sa an cire an gyara. Yanzu duba, ko ke ba ki gane wurin."

Na duba. Fari fat tun daga ƙofa har bango, duk suna kallon gabas.

Na ce, "Ban gane ba kam, Hajiya."

Da ta fita na durƙusa ina shafawa da tafin hannu, ko zan ji sabon siminti a bakin wani. Wanda ya yi gyaran gwani ne. Ban taɓa ƙirga tayil ɗin daga bango ba, don alamar na nan, me zan ƙirga? Na san dai tsakanin tebur da wurin wanke-wanke ne. Amma ko wannan ne, ko na kusa da shi, ko na gabansa. Duk inda na ɗaga ƙafa zan sauke sai in ji kamar a kansa ne. Na koma bin gefen bango kamar mai tsoron ruwa. Kwanoni suka fara kwana ba wanki. Hajiya ta zaci ciwon ƙafa ne, ta sayo mani magani.

Ban kai wata ba na ce a sallame ni. Alhaji Nasiru ya yi ta roƙo. Ya ce in bar girkin, in zauna a ɗakina a riƙa kawo mani abinci.

"Inna, wani ya ɓata maki rai ne? Ki faɗa mani ko waye."

Na ce, "Ba kowa, Alhaji. Tsufa ne."

Ba zan iya cin abincin da aka dafa a tsaye a kansa ba, kuma ban iya gaya mashi haka. Ya sa direba ya kawo ni Kurfi gidan ɗiyar yayata, da buhunan abinci da katifa. Har yanzu yana aike, Allah ya saka mashi.

To ga abin da aikin nan ya nuna mani. A cikin mutanen nan duka ba mugu ko ɗaya. Magina suna tsare abin da suke gani da abin da aka gaya masu. Zanen zaure sun bi shi da hannu, tsohon turmi sun haska shi da fitila. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa sai mai shi ya yi magana, kuma kafin a ja igiya. Mu masu aikatau muna ƙare rayuwarmu a gidan da ba namu ba. Muna haihuwa a ciki, muna rufe namu a ciki, har mu manta ƙasar ta wasu ce. Waɗanda suka san sirrinmu suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mu kuma an koya mamu shiru. In kuna da wani abu a gidan da kuke aiki, ku gaya wa yaran gidan tun kuna goyonsu. Ni an tashe ni da kunya, na riƙe ta yadda aka ce in riƙe, ga inda ta kawo ni.

Da ina da wurin da nake sharewa da safe. Yanzu in na idar da salla sai in zauna da butata, ban san inda zan zuba sauran ruwan ba.

Farin yadin nan na cikin adakata, ban taɓa wanke shi ba. Malama, rubuta wannan da kyau, don ke za su tambaya. Ranar da aka zo yi mani sutura, a ɗauko shi a ninke, a ɗora mani a ƙirji kafin a rufe. Kuma in an tambaya na waye, ki ce na ɗana ne.